Yadda ake ajiye takardu da hotuna a rumbun intanet ba tare da an bar wa kamfani mabuɗi ba

Duk mai riƙe da salular Android a Yamai, Tecno ce ko Itel ko Infinix ko Samsung, yana da ajiya a hannun Google, ko ya sani ko bai sani ba. Lambobin mutanensa, hotunan suna da na biki, hoton katin ɗan ƙasa da ya ɗauka ranar da zai buɗe asusu a banki, galibi duk sun riga sun hau. Mai iPhone kuma tasa ajiyar tana wurin Apple. Abin nan da ake kira kulawud, mu ce rumbun intanet, manyan kwamfutoci ne jere a gine-ginen kamfani, a ƙasashen da dokarsu ba tamu ba ce. Tambayar ko kamfani mai amana ne ba ta kai mutum ko'ina, don ba ka da hanyar leƙa zuciyarsa. Tambayar da ke da amsa ita ce: mabuɗin ajiyar yana hannun wa?

Kulli iri biyu ne

Kowane babban kamfani zai ce maka kayanka a kulle suke, kuma ba ƙarya ya yi ba. Google Drive, OneDrive da Dropbox suna kulle fayil a kan hanya, suna kuma kulle shi a inda yake ajiye. Sai dai mabuɗin yana wurinsu. Kamar ka kai kaya shagon ajiya ne a tasha, mai shago ya garƙame ƙofa ya jefa mabuɗi a aljihunsa: ɓarawon waje ba zai shiga da sauƙi ba, amma mai shago yana shiga, hukumar da ta zo masa da takardar kotu ma tana shiga. Tun 2018 Amurka ke da dokar da ake kira CLOUD Act, wadda ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Ban da haka, na'urorin kamfanin suna bin fayiloli suna neman cuta da haramtattun hotuna, kuma suna kuskure. A 2022 jaridar New York Times ta kawo labarin wani uba da ya ɗauki hoton al'aurar ƙaramin ɗansa mara lafiya don likita ya duba, hoton ya hau Google da kansa, aka rufe masa asusu gaba ɗaya. Ƴan sanda sun bincika sun wanke shi, amma asusun bai dawo ba.

Kulli na biyu shi ne wanda ake yi a cikin wayarka kafin fayil ya fita, mabuɗin kuma ya zauna wurinka kai kaɗai. A wayar da ke da Faransanci za ka ga an rubuta chiffrement de bout en bout. Proton Drive da MEGA haka suke aiki. Apple ma yana da shi tun ƙarshen 2022 da sunan Protection avancée des données, amma sai ka kunna da kanka, kuma bai haɗa da wasiƙun iCloud da lambobin waya da kalanda ba. A Fabrairun 2025 Apple ya janye wannan tsari daga Ingila bayan gwamnati ta matsa masa, abin da ke nuna cewa ko kullin da kamfani ya ba ka, yana iya karɓe shi idan doka ta juya. Wannan kulli yana da tsadarsa: ka mance kalmar sirri, ka ɓatar da mabuɗin ceto, to kayan sun tafi, babu biro ɗin da za ka je ka yi kuka.

Mataki na farko: ka tabbata asusun naka ne

A nan ne mafi yawan mutane suke faɗuwa, tun kafin a zo maganar kamfani. An sayi waya a Babbar Kasuwa ko a Katako, mai shago ko yaronsa ya buɗe Gmail nan take don Play Store ya yi aiki, ya zaɓi kalmar sirri da kansa, wani lokaci ma lambarsa ya sa a matsayin lambar ceto. Shekara uku mai waya yana zuba rayuwarsa cikin asusun da wani ke iya buɗewa daga inda yake zaune.

Ka buɗe myaccount.google.com, ka shiga Sécurité. Duba abu uku. Lambar waya da adireshin ceto: idan ba naka ba ne, canza su yanzu. Jerin na'urorin da ke cikin asusun, wato Vos appareils: duk wayar da ba ka gane ba, ko wadda ka sayar, fitar da ita. Sannan jerin manhajojin waje da ka taɓa ba izinin shiga asusun: cire duk wadda ka daina aiki da ita. Bayan haka sai ka canza kalmar sirri. Ka fara da lambar ceto kafin kalmar sirri, in ba haka ba wanda lambarsa ke ciki zai iya sake ƙwace asusun.

Kalmar sirri tsawo take so, ba wuyar karantawa ba. Kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka, da lamba a tsakani, sun fi sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa nesa ba kusa ba. Misali irin rakumi-tukunya-47-goro-inuwa, amma kada ka ɗauki wannan tunda kowa ya karanta shi. Kada ka sa karin magana, don jimlar da kowa ya sani ba sirri ba ce. Ka kuma guji haruffa masu lanƙwasa kamar ƙ da ɗ da ɓ: ranar da za ka shiga daga kwamfutar da ba ta da su, kai ne za ka tsaya a waje. Kowane asusu da tasa kalmar. Dalili shi ne abin da ya sami Dropbox: an sace bayanan shiga a 2012, sai a 2016 aka san asusu kimanin miliyan 68 abin ya shafa, kuma ɓarayi suna ɗaukar kalmar da suka samu a wuri ɗaya su gwada ta a ko'ina. Rubuta kalmomin a ƙaramin littafi da ke kulle a gida ba abin kunya ba ne. Mai son manhajar ajiye kalmomi yana iya ɗaukar Bitwarden, ko KeePass da ke barin fayil ɗin a na'urarka. Su ma kamfanonin irin wannan ana fasa su: a 2022 an kwashe rumbunan masu aiki da LastPass, a kulle, kuma waɗanda babbar kalmarsu, wato wadda ke buɗe rumbun duka, gajera ce su ne suka shiga haɗari.

Mataki na biyu: ƙofa ta biyu

Har yanzu a Sécurité, kunna Validation en deux étapes, wato a nemi wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri kafin a shiga asusun. Hanyar da aka fi sani ita ce lamba ta SMS. Ta fi babu, amma rauninta a fili yake a wurinmu. Layin da aka daɗe ba a sa masa kiredi ba, kamfanin waya yana iya rufe shi ya sake sayar wa wani, sai lambobin sirrinka su riƙa sauka a wayar baƙo. Ɗan kasuwar da ya tafi Kwatano ko Lome, ko alhajin da ya sauka Saudiyya, sau da yawa saƙon ba ya iso shi. Abin da ya fi shi ne manhajar lambobi irin Google Authenticator: tana fitar da lamba 6 da ke canzawa duk daƙiƙa 30, ba ta buƙatar rezo ko forfe. Idan ta fara ba da lambar da ake ƙi, duba agogon wayar, galibi shi ne ya kauce; mayar da shi kan saitin da ke daidaita kansa.

Kafin ka rufe shafin, sauko da Codes de secours, lambobin shiga asusu idan wayar ba ta hannunka. Lambobi 10 ne, kowace mai lamba 8, kowace sau ɗaya take aiki. Kwafe su da biro a takarda, ka sa su inda takardar fili da ta haihuwa suke. Kada ka ɗauki hotonsu da wayar, don ranar da za ka neme su ita ce ranar da wayar ta ɓace.

WhatsApp ma yana da tasa ƙofar: Paramètres, Compte, Vérification en deux étapes, ka sa lamba 6 da adireshin imel. Duk wanda ya kira ko ya rubuto cewa an turo maka wata lamba bisa kuskure, ka karanta masa, to asusunka yake nema, ko da da sunan ɗan uwanka saƙon ya zo.

Mataki na uku: raba kayan kashi uku

Ba kowane abu ne ya cancanci wahala ɗaya ba. Kashi na farko shi ne abin da in ya fita ba za ka ji komai ba: karatun malamai, hotunan kayan sayarwa, darussan makaranta. Wannan ya hau kowane rumbu. Kashi na biyu shi ne abin da kake so ya tsira idan waya ta faɗa ruwa, amma ba ka so kowa ya gani: katin ɗan ƙasa, fasfo, takardar fili, takardun asibiti, littafin bashi na shago. Wannan ya hau, amma sai ka kulle shi da kanka tukuna. Kashi na uku shi ne abin da in ya fita zai raba aure ko ya zubar da mutuncin gida. Wannan kada ya hau ko'ina, kuma gaskiyar magana ita ce bai kamata ya kwana a wayar da ke da intanet ba.

Matsalar ita ce Google Photos ba ya tambayar kashi. Idan Sauvegarde a kunne take, duk hoton da kyamara ta ɗauka yana hawa da zarar an samu rezo. Buɗe manhajar, taɓa hotonka a sama, ka duba ko a kunne take da kuma manyan fayilolin da aka zaɓa, musamman na hotunan WhatsApp, waɗanda ke cika wuri da abin da ba kai ka ɗauka ba. A saitin kyamara kuma kashe alamar wuri. Hoton da aka ɗauka da ita a kunne yana ɗauke da daidai inda aka tsaya, kuma idan an tura shi a matsayin fayil ko ta hanyar Drive, wannan bayani yana tafiya tare da shi.

Yadda ake kulle kashi na biyu

Hanya mafi sauƙi a kwamfuta ita ce 7-Zip, kyauta ce. Tara takardun a babban fayil ɗaya, danna shi da maɓallin dama, zaɓi ƙara shi cikin ƙunshi, zaɓi nau'in 7z, sa kalmar sirri, ka bar kullin a kan AES-256. Akwai ƙaramin akwati na kulle sunayen fayiloli. Cika shi, in ba haka ba mai kallo zai ga "sakamakon gwajin jini" a rubuce ko da bai iya buɗewa ba. Wannan ƙunshin shi za ka ɗora a Drive. A wayar Android, ZArchiver yana yin irin wannan ƙunshi yana kuma buɗe shi. Kuskuren da ake yawan yi biyu ne: a bar asalin hoton takardar a cikin hotunan waya, wanda ya riga ya hau a buɗe, ko a tura wa mutum ƙunshi da kalmar sirrinsa cikin saƙo ɗaya. Kalmar sirri a faɗe ta da baki ko ta wata hanya dabam.

Wanda takardunsa ke canzawa kullum, kamar mai lissafin kuɗi ko sakataren ƙungiya, zai gaji da ƙunshi. Shi Cryptomator ya fi dacewa da shi: yana buɗe wani ɗaki a cikin Drive ko Dropbox, kowane fayil da ka jefa yana kulle shi da sunansa kafin ya fita daga na'urar. Kyauta ne a kwamfuta, a waya kuma sai an biya kafin a samu cikakken aikinsa. Ranar buɗe ɗakin zai ba ka dogon mabuɗin ceto. Buga shi a takarda.

Sai ajiyar WhatsApp, wadda mutane da yawa ba su lura da ita ba. Hirar kanta a kulle take tsakanin wayoyi biyu, amma kwafin da ke hawa Google ko iCloud ba ya samun wannan kulli sai ka nema. Tun 2021 akwai shi: Paramètres, Discussions, Sauvegarde des discussions, Sauvegarde chiffrée de bout en bout. Za ka iya zaɓar kalmar sirri ko mabuɗi mai lamba 64. Ka sani cewa kullinka bai rufe wayar abokin hirarka ba. Idan tasa ajiyar a buɗe take, maganarku tana can. Telegram kuwa, hirarsa ta yau da kullum da ta rukuni tana ajiye a kwamfutocin kamfanin, sai wadda ake kira hirar sirri kaɗai ke da kulli na biyu.

Raba fayil da mutane

A Drive zaɓi biyu ne: mutanen da ka sa adireshinsu kaɗai, ko duk wanda ya samu mahaɗin. Na biyun ya fi sauri, shi ya sa ake tura jerin sunayen ɗalibai ko na ma'aikata da shi cikin rukuni mai mutum ɗari biyu, daga nan kuma ba wanda ya san inda zai tsaya. Sa adireshi, ba da izinin karantawa kawai, idan aiki ya ƙare ka cire mutumin. A shagon buga takardu ko siber, gara ka kai PDF a kile fiye da ka shiga Gmail ɗinka a kwamfutarsu. Idan dole ce, fita daga asusun kafin ka tashi, ka tsaya a goge fayil ɗin daga wurin saukewa da kwandon shara, sannan ka duba Appareils connectés a WhatsApp ko ka bar shi a buɗe can.

Manhajar da ke cikin wayar

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar galibi manhaja ce da aka karɓa ta Xender daga wayar aboki. GBWhatsApp da ƴan uwansa ba daga kamfanin WhatsApp suka fito ba, ba wanda zai iya tabbatar maka abin da aka cusa a ciki, kuma kamfanin yana rufe lambobin da ke aiki da su. Haka Windows da Office na sata da ake zuba wa kwamfuta: wanda ya fasa su yana iya barin wa kansa ƙofa. Duk kullin da muka bayyana a sama ba ya aiki idan akwai mai kallon allonka tun kafin ka kulle.

Shiga saitin waya, nemi Gestionnaire d'autorisations, ka bi lambobin waya, SMS, makirfo, kyamara da wuri ɗaya bayan ɗaya. Tocila ba ta da abin yi da lambobin mutanenka. Manhajar bashi da ke neman lambobi da hotuna tana tara abin da za ta ci mutuncinka da shi ne ranar da ka makara biya. Allon rubutu na waje yana ganin duk abin da ka rubuta, VPN na kyauta kuma, wato manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta kwamfutocinta, yana ganin inda kake zuwa. Banza ba ta kai zomo kasuwa, sai ka tambayi kanka da me suke biyan ma'aikatansu. Sashen Sécurité des données na Play Store yana da amfani, amma mai manhajar ne da kansa ya cika shi. Ka kuma duba ranar sabuntawar tsaro ta ƙarshe a saitin wayar. Wayar da ta yi shekara biyu ba ta samu ba, kada a yi harkar banki da ita. A kwamfuta, Microsoft ya daina ba Windows 10 sabuntawar yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025.

Mai asibiti, makaranta, ko shagon da ke riƙe da bayanan wasu, nauyinsa ya wuce na kansa. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sabunta ta a Disamba 2022, kuma hukumar HAPDP ce ke kula da ita. Kafin a ɗora takardun marasa lafiya ko na ɗalibai a rumbun da ke waje, a nemi bayaninta.

Rumbu ba madadin kwafi ba ne

Google yana ba da giga 15 kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos ne ke rabonsa, yanzu har da ajiyar WhatsApp. iCloud da OneDrive giga 5, Dropbox giga 2. Idan na Google ya cika, wasiƙu sun daina shigowa, mutum yana ta jiran amsar neman aiki bai san an mayar da ita ba. Sharuɗɗa kuma suna canzawa: Google Photos ya daina ajiyar kyauta mara iyaka a 1 ga Yuni 2021, kuma tun Disamba 2023 Google na iya goge asusun da ya yi shekara biyu ba a taɓa ba. A Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe Megaupload, wani rumbun ajiyar fayiloli, rana ɗaya, masu ajiyar halal suka yi asara tare da masu laifi.

Akwai kuma tarkon da ke cikin manhajar kanta. Hoton da ka goge a cikin Google Photos yana gogewa a waya da rumbu baki ɗaya. Maɓallin Libérer de l'espace kuwa yana share na waya ya bar na Google kaɗai, wato kwafi ɗaya ya rage. Abin da aka jefa kwandon Drive kwana 30 yake yi.

Ka riƙe kwafi uku na duk abin da ba ka so ka rasa: na waya ko kwamfuta, na rumbu, da na faifai ko kile da ke gida. Don sauko da kayanka, shiga takeout.google.com, cire alamar komai, zaɓi Photos, Drive da Contacts, ka sa a yanka su giga 2 kowane gutsure, don idan wuta ta ɗauke ko rezo ya yanke, gutsure ɗaya kawai za ka sake. Mahaɗin kusan mako ɗaya yake yi, saboda haka ka nema lokacin da kake da wifi. Kile na araha da aka rubuta masa girman da ba shi da shi ya yi yawa a kasuwa: yana nuna sunayen fayiloli, amma in ka buɗe babu komai. Cika shi, cire shi, ka mayar, ka buɗe fayiloli daga farko da tsakiya da ƙarshe. Zafin Afrilu da Mayu da ƙurar hunturu ba sa barin kayan lantarki, don haka a sa shi a leda mai rufewa cikin akwati, ba cikin mota ba.

Idan waya za ta bar hannunka

Wurin mai gyara, cire layi da katin memori. Canza gilashi ko wurin caji ba ya buƙatar lambar buɗe waya. Idan ana son gwaji, a yi a gabanka. Wasu wayoyin Samsung suna da Mode maintenance da ke ɓoye kayanka har a gama. Idan sayarwa za ka yi, fara da cire asusun Google daga wayar, sannan ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. In ka juya tsarin, wayar za ta nemi asusunka a hannun mai saye, ya dawo yana roƙon kalmar sirrinka.

Sauran abu ɗaya da kulli mai ƙarfi ke jawowa: magada. Littafin bashi da takardar fili da aka kulle da kalmar da ke kan mutum ɗaya suna tafiya tare da shi. A asusun Google akwai Gestionnaire de compte inactif, inda za ka zaɓi wata 3, 6, 12 ko 18 na shiru, da mutane har 10 da za a sanar, da abin da kowannensu zai iya saukewa. Apple yana da Contact légataire. Amma waɗannan ƙunshin kawai za su miƙa, ba za su buɗe shi ba. Kalmar 7-Zip ko mabuɗin Cryptomator sai a rubuta a takarda, a rufe a ambulan, a haɗa da wasiyya, a kuma gaya wa mutum ɗaya amintacce inda take.